Ranar da Na Aske Gemun Hammu

Ni mai aski ne, kuma a duk faɗin Maroko babu garin da ya kai Warzazat cutar mai aski. Ku tambayi kowa. A nan namiji ba ya bari a taɓa masa gemu. Kada ku ɗauka ustazanci ne, tsoro yake kada masu fim su zo neman mutanen zamanin da, su same shi da haɓa a share. Shekara talatin da huɗu ina buɗe shago a bakin kasuwa, rabin masu shigowa shayina kawai suke sha, su karanta jaridata, su kama gabansu. Da na ɗauko almakashi sai ka ga ƙato ya dafe gemu da hannu biyu yana salati.

Shugaban waɗannan marowata shi ne abokina Hammu. Tare muka taso, tare muka sha bulalar malam ɗaya. Shekara arba'in yana aikin fim, bai taɓa furta kalma ɗaya a gaban kyamara ba. An sayar da shi a kasuwar bayi sau shida, an kashe shi sau goma sha ɗaya, ya bi sarakuna a baya yana ihu, ya kuma gudu daga wasu sarakunan yana ihu. Kunnensa na hagu ma a nan ya daina ji, wata shekara da aka fasa nakiya kusa da shi a wani fim na yaƙi. Jarinsa ɗaya ne a duniya, farin gemu tas har ƙirji, wanda yake shafa wa mai kowace safiya. Ni ina ce masa cikon benci, shi yana ce min mahauci, a haka muka tsufa.

Matarsa Ittu mace ce mai baki. A da in ya dawo gida da jinin ƙarya a riga, ko da kibiya maƙale a baya, ko ɗaga kai ba ta yi daga saƙar dardumarta.

"Yau kuma wa ya kashe ka?" haka take tambayarsa. "Wanke hannu ka zo, abinci na hucewa."

Shekara uku ke nan da kanta ya fara zubewa. Da farko ta manta inda take ajiye gishiri, sai sunayen maƙwabta, sai hanyar gidan wanka. Wata safiya ta farka ta ga Hammu a ɗaki, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce wa ya bar baƙon namiji ya shigo mata. Ranar ya zo shagona ya zauna har azahar bai tsokane ni ba. Ni ma ban tsokane shi ba, kuma ban taɓa yin rana irin wannan ba.

Abin da ya cece su littafi ne. 'Yarsu Tuda, wadda yanzu take aikin jinya a Agadir, lokacin tana 'yar makaranta ta aro wani littafin almara a wurin malamarsu. Ittu ba ta karatu, sai yarinyar ta riƙa karantawa da Larabci tana juya mata da yarenmu, uwar tana saƙa tana saurare. Sau uku suka sauke shi, har malama ta haƙura ta bar musu. Labarin wani ayari ne da zai ƙetare hamadar da aljanu ke kiran matafiya da sunayensu, da muryar wanda suka fi ƙauna. Duk wanda ya amsa, ya bi su ke nan, ba a sake ganinsa. Ana gane aljanun da abu ɗaya, gemunsu ja ne wur. Jarumai masu takubba duk suka amsa suka tafi. Wanda ya fitar da ayarin wani tsoho ne mai ɗaukar ruwa, Yidir, matsoraci na ƙarshe, kurma a kunne ɗaya. Sai ya toshe mai lafiyar da ulu, ya ɗaure mutane da igiya a ƙugunsa, yana tafe yana kuka yana ba su ruwa.

"Wannan ai ubanki ne," in ji Ittu tun a wancan lokacin. "Ga tsoro, ga kurumta, ga shi ba ya barin mutum da ƙishi."

To ta manta mijinta, amma ba ta manta Yidir ba. Kwana uku bayan ta rufe masa fuska, Hammu ya shiga da buta da kofi, ya juyo mata da kunnen dama kamar yadda ya saba, sai ta sauke mayafi.

"Yidir, ka iso?"

Ya ce ya iso. Daga ranar ba ta karɓar ruwa ko magani ko loma ɗaya a hannun kowa sai nasa. Ko Tuda in ta zo hutu, sai ta miƙa wa uban kofi shi ya miƙa. Ittu takan tambaye shi saura kwana nawa su fita daga hamada, ya ce saura kaɗan, ta ce to ya riƙe igiya da kyau.

"Ka ga ikon Allah, Addi," ya ce min wata rana. "Shekara arba'in ba a ba ni magana ba, sai a ɗakina."

"Kuma ba a biyanka ko dirhami."

"Ana biya, mahauci. Jiya ta ci rabin burodi."

Ana nan sai labari ya cika gari cewa za a yi fim ɗin littafin, kuma a nan za a ɗauka. Shagona ya koma majalisa. Kowa ya yanke hukunci cewa Yidir na Hammu ne. Mun san dai babban ɗan wasa za a kawo daga waje ya yi maganar, ba mu da wauta har haka. Amma ai akwai wuraren da ake ɗauko mutum daga nesa yana tafiya a kan rairayi, ko a ɗauki bayansa, ko hannunsa yana zuba ruwa. Wannan kam wa zai yi in ba Hammu ba? Shi kuwa na lura ya ƙara man da yake shafa wa gemun.

Si Mbarek ne ya zo ya kashe mana jiki (Si ɗin kamar a ce Malam ne a wurinmu). Shi ne mai ɗibar mutane in fim ya zo, yana yawo da littafin hotunan duk wani mai gemu a garin. Ya zauna, ya sha shayina kamar kowa, ya fito da waya ya nuna mana hoton Yidir.

Yaro ne ɗan shekara ashirin da biyar. Ƙirji a waje, haɓa sumul, takobi biyu a baya.

"Ina salkar ruwan?" na tambaya.

"Babu salka."

"Wane kunnen ne ya mutu?"

"Si Addi, yana jin motsin kunama daga bayan tudu. Shi ya sa yake gano aljanun ya sare su."

"Ya sare su? Yidir? Mutumin da kukan rakumi ke sa shi fitsari?"

"Ni me na sani? An ce ba mai sayen tikiti don ya kalli tsoho kurma yana kuka awa biyu."

"To su nemi wani suna su sa masa mana! Wa ya hana su? Ka ɗauki tunkiya ka yanka, ka kawo kura ka ce ita ce?"

Mbarek ya ce in je in faɗa wa darakta. Sannan ya juya wajen Hammu da fara'a, ya ce amma fa akwai albishir, tsofaffi sittin ake nema masu dogon gemu, kwana goma sha biyu, da abincin rana. Su ne aljanun. Kuma darakta ya ga hoton Baba Hammu ya ce a sa shi a sahun gaba.

Na ji haushi har wuya. Wato sun ƙwace wa tsofaffi mutum ɗaya da suke da shi a labarin, sun ba yaro, sannan sun mayar da duk mai furfura abin tsoro. Hammu ya daɗe yana kallon hoton. Daga baya ya ce a rubuta sunansa. Bai taɓa cewa a'a ba in an kira shi, kuma maganin Ittu ba a itace yake tsirowa ba. Maƙwabciyarsu Rkiya ta yarda za ta riƙa zama da ita da rana, shi kuma ya ba ta ruwa da magani kafin ya fita da bayan ya dawo.

Kwana biyun farko gwajin kaya kawai aka yi. Rana ta uku aka zo batun gemu. Masu kwalliya suka lissafa suka ga in za a riƙa shafa wa tsofaffi sittin jan fenti kowace safiya a wanke da yamma, rana za ta faɗi ba a ɗauki komai ba. Sai wata mai wayo ta ce a yi musu lalle, sau ɗaya an gama. Aka jera su a rana, kowa da gemu ƙunshe a leda, suna tsokanar juna da amare. Da yamma Hammu ya biyo ta shagona ya nuna min. Gemun nan ya yi ja wur. Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni, na ce masa ya yi kama da zakaran da ya faɗa a miya.

Ina faɗin wannan ne don a san laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Na san littafin, Ittu ta ba ni labarinsa ya fi sau ashirin, amma batun jan gemun aljanu ko a raina bai zo ba. Mu a nan mun saba. Mutum yakan koma gida da fuskar kuturu ko ta gawa, yara ko kallonsa ba sa yi, matarsa ta ce ya cire takalmi kada ya ɓata mata darduma. Shekara arba'in Hammu yana shiga gidansa da kowace irin fuska. Ya manta, ni ma na manta, cewa matar da ke dariyar waɗannan fuskokin ba ta nan.

Rkiya ta ce ihun da Ittu ta yi da ya shiga ɗaki, har gidan burodi an ji. Ta rarrafa ta shige lungu tsakanin gado da bango. Shi kuma da ya ruɗe sai ya yi abin da ya fi komai muni, ya kira ta.

"Ittu! Ittu, ni ne!"

Jan gemu, yana kiran sunanta, da muryar da ta sani. Ta fizgo ulu daga kwandon saƙa ta cusa a kunnuwanta biyu, ta runtse ido.

Daren nan ba ta sha komai ba, washegari ma haka, ga shi tsakiyar zafi ne. Rkiya ta kai mata ruwa ta ture, ta ce sai Yidir ya zo. Hammu bai je aiki ba. Muka rufe shago muka hau gemun nan da sabulu, da lemun tsami, da man zaitun, da toka. Banza. Lalle in ya kama farin gashi ya kama ke nan, ni na fi kowa sani, amma na yi ta murzawa don ban san me zan yi da hannuna ba. Ya naɗa rawani ya rufe har hanci ya shiga, ta leƙo da ido ɗaya ta ce ai haka suke yi in sun shigo gari. Tuda ta bugo waya tana kuka, ta ce sai jibi za a sake ta daga aiki, kuma in uwar ba ta sha ruwa ba zuwa gobe a kai ta asibiti a sa mata ta jijiya. Hammu ya ce wancan karon da aka kwantar da ita sai da aka ɗaure mata hannu a jikin gado, ba zai sake ganin haka ba.

Washegari da safe na zo buɗe shago na tarar da Hammu a bakin ƙofa. Ya shiga ya wuce bencin da ya saba zama, ya hau kujerar aski. Ban taɓa ganinsa a kanta ba tun Tuda tana goye.

"Aske," ya ce.

"Kai, sauka min daga kujera."

"Aske shi duka, Addi."

Kafin in ba shi amsa sai ga Mbarek a guje, an gaya masa. Ya tsaya a ƙofa yana haki.

"Baba Hammu, don girman Allah! An riga an ɗauki fuskarka a gwaji, darakta da kansa ya zaɓe ka. Jiya na ce musu ciki ne ya ɓaci. In ka aske me zan ce? Ka san mutanen nan, in ka ba su kunya sau ɗaya sun shafe ka. Ni ma sai na cire hotonka."

"Cire, ɗana. Ba komai. Ka ba abokin aikinmu Bassu gurbina, ya daɗe yana son sahun gaba."

Mbarek ya dube ni wai in sa baki. Na ce ya fita min daga shago yana tare haske. Da ya tafi na juyo kan abokina, don ni ma ina da magana.

"Ka yi tunani? In na aske, aljani ya tafi, na yarda. Amma Yidir ma ya tafi. Farin gemun nan ta sani. Sai ya yi wata shida kafin ya dawo. Za ka shiga mata a baƙo, kuma ka ga yadda ta yi da baƙo."

"Na gani."

"To?"

"Baƙo fuska take rufe masa. Wannan kuwa tsoronsa take ji. Kwana biyu tana lungu tana makyarkyata, kuma ni ne. Ko ba za ta sha a hannuna ba, ta daina jin tsoro a ɗakinta." Ya ɗaga haɓa. "Yi aikinka, mahauci. Ba abin da ka daɗe kana so ba ke nan?"

Na fara da almakashi, jan gashi yana zuba a kan zanen. Na jiƙa tawul da ruwan zafi, na buga kumfa, na wasa aska fiye da yadda take buƙata. Bai buɗe ido ba har na gama. Da na goge kumfar sai ga wata fuska da na manta da ita. Sama baƙa, rana ta gasa, ƙasa fara sol kamar ta jariri. Ga tabon nan a haɓa na ranar da ya faɗo daga bishiyar dabino muna yara, ni na tura shi, ga ɗan ramin kumatunsa na dama da 'yan mata ke magana a kai. Ya dubi madubi ya ce, "Subhanallah, ashe haka nake da muni." Na ce ai gara da ya ɓoye wa jama'a.

Na rufe shago na raka shi. A hanya ba wanda ya gaishe shi, har mai gidan burodin da ke ba shi burodi kullum. A tsakar gida Rkiya ta gan shi ta ja baya, sai da ya yi magana ta dafe ƙirji. Ta ce Ittu tana nan inda take, leɓɓanta sun bushe sun tsage.

Ya cika kofi daga tulu. Na ce masa a hankali kada ya kuskura ya kira sunanta. Ya gyaɗa kai. Ni na tsaya a bakin ƙofa inda nake ganinsu.

Ya shiga ya durƙusa nesa da ita kaɗan, ya ajiye kofin a ƙasa tsakaninsu. Ta daɗe ba ta buɗe ido ba. Da ta buɗe, hannunta ya tafi wajen mayafi zai ja, sai ya tsaya a hanya. Ta ƙura masa ido. Ta zare ulun daga kunne ɗaya, sannan ɗayan. Ta miƙo yatsa ta taɓa tabon haɓarsa.

"Hammu?"

Shekara uku rabonsa da jin sunansa a bakinta.

"Hammu, kai ne? Ina ka shiga duk tsawon lokacin nan?"

"Aiki," ya ce da ƙyar.

"Aiki! Mutum ya bar matarsa a tsakiyar hamada ya ce aiki. Ko aike ba ka yi." Muryarta a dushe take amma faɗan na nan yadda na san shi. "Dubi yadda ka rame. Ba sa ba ku abinci ne?"

Ya ɗauki kofin ya miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu ta shanye tas, ruwa yana bin haɓarta. Rkiya ta toshe baki da mayafi a bayana. Ni kam ban ɓoye ba, kuka na yi.

Ittu ta riƙe kofin a cinya tana numfashi. Can ta dubi ƙofa, ta dubi bayan Hammu, kamar mai neman wani.

"Akwai wani tsoho," ta ce. "Mai ruwa. Da ba ka nan shi ya kula da ni. Kullum yana nan, bai taɓa gajiya ba, ko na zage shi. Kwana biyu bai zo ba. Ina tsoron sun kira shi ya amsa."

"Bai amsa ba. Lafiyarsa ƙalau."

"Ka gan shi?"

"Na gan shi da safen nan."

"To ka nemo shi ka yi masa godiya. Ka ji? Ba godiyar baki ba, ka kawo shi gidan nan ya ci abinci. Mutumin kirki ne." Ta harare shi. "Ya fi ka."

"Ya fi ni," in ji Hammu, yana dariya hawaye na zuba a kan sabuwar haɓarsa.

Ta miƙa masa kofin. "Ƙaro min. A'a, tsaya. Wancan na bakin ƙofa ya ƙaro. Kai zauna nan, kada ka sake fita."

Na shiga na karɓi kofin, na tafi wajen tulu. Da na dawo ya zauna a ƙasa kusa da ita, ta riƙe masa hannun riga gam.